Yadda za ka gane wat da turjiyar dutsen guga daga bolt da amp

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon wanki da guga. Na sayi dutsen guga na gwanjo, rubutun jikinsa duk ya goge. Abokina mai gyaran wuta ya auna min, ya ce wutar soket 220 ce, dutsen kuma yana jan amp 5. Ta yaya zan san wat nawa ne? Ƙaramin janaretana an rubuta 650W a jikinsa, zai ɗauke shi? Sannan wayar da na jawo daga soket, tsawonta ya kai mita 20, tana ɗaukar zafi, musamman in na jona dutse biyu. Laifin dutsen ne ko na wutar?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. Tambayoyi uku ka haɗa wuri guda: ƙarfin dutsen, ko janareta zai ɗauke shi, da dalilin zafin waya. Dukkansu lissafi ɗaya ne ke warware su, kuma abokinka ya riga ya ba ka lambobi biyun da ake bukata. Wanda ya san bolt ya san amp, to wat da turjiya suna hannunsa.

Bari mu fara da abubuwa huɗun da ake magana a kai. Ka ɗauki tankin ruwa a saman gini da bututu ya sauko daga gare shi. Matsin da ke turo ruwan shi ne bolt, alamarsa V. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa shi ne amp, alamarsa A. Ƙuncin bututun da ke hana ruwan gudu shi ne turjiya, ana aunata da om, alamarta Ω. Wat kuwa, mai alamar W, shi ne yawan aikin da wutar ke yi a kowace daƙiƙa, ko zafi ne, ko haske, ko juya fanka.

Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya fitar da alaƙar ukun farko a littafinsa na 1827: kwararar wuta a cikin waya tana ƙaruwa daidai da matsin da aka sa mata, tana raguwa daidai da turjiyarta. Ga lissafin a rubuce:

turjiya = bolt ÷ amp
wat = bolt × amp

Mu sa lambobinka. Ka raba 220 gida 5, ka samu 44, wato turjiyar dutsenka om 44 ce. Ka ninka 220 sau 5, ka samu 1,100, wato dutsen yana cin wat 1,100 a lokacin da aka auna shi. Ina kyautata zaton abin da ya goge a jikinsa 1,200W ne a kan 230V, domin in ka ninka 230 sau 230 ka raba da 44 za ka samu kusan 1,200.

Wannan lissafi na ƙarshe da na yi ya fito ne daga haɗa biyun farko, kuma akwai ɗan'uwansa. In ka san bolt da turjiya, wat shi ne bolt sau bolt, a raba da turjiya. In ka san amp da turjiya, wat shi ne amp sau amp sau turjiya. Ka riƙe wannan na biyun sosai, shi ne zai amsa maka batun waya.

Turjiya ta dutse ce, wat kuwa yana bin wutar da aka kawo

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har da wasu masu gyara. Suna ɗauka dutse mai 1,200W kullum 1,200W yake ci, ko wuta ta yi ƙarfi ko ta yi ƙasa. Ba haka ba ne. Abin da kamfani ya gina a cikin dutsen shi ne turjiya, wato wayar nan da ke murɗe a cikin ƙarfen ƙasa. Wat ɗin da aka rubuta alkawari ne mai sharaɗi: in ka ba ni bolt kaza, zan ba ka wat kaza.

Ka duba abin da ke faruwa da yamma, lokacin da kowa ya kunna kayansa, taransifoma ta ɗauki nauyi, wutar unguwa ta sauko 180. Turjiyar dutsenka tana nan 44. Amp ya koma 180 a raba da 44, kusan 4.1. Wat ya koma 180 sau 4.1, kusan 740. Wuta ta ragu da kashi 18 cikin ɗari kacal, amma zafin dutsen ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Dalili shi ne bolt yana shiga lissafin sau biyu, ya ragu da kansa, sannan ya ja amp ƙasa tare da shi. Shi ya sa a irin wannan lokaci za ka ga kana ta bin shadda mai sitati sau uku sau huɗu ta ƙi kwanciya, ka yi zaton dutsen ne ya gaji, alhali lafiyarsa ƙalau. In kuwa wuta ta haura 240 cikin dare, dutsen zai ci wat 1,300 da ɗoriya.

Akwai hanyar da za ka tabbatar da lissafin nan ba tare da ka taɓa wuta ba, kuma ita na fi so ga wanda ba gyaran wuta ne sana'arsa ba. Ka zare dutsen daga soket gaba ɗaya. Ka juya maɓallin zafinsa zuwa ƙarshe, don in yana kashe mita ba za ta ga komai ba. Ka sa mitar gwaji, wato ƙaramar na'urar awo mai tsinke biyu da masu gyaran wuta ke amfani da ita, a kan alamar Ω, a matakin 200, ka ɗora tsinkayenta biyu a kan ƙafafu biyu na ƙasa na filogi. Ya kamata ka ga lamba tsakanin 40 da 45. In ta nuna 1 a gefen hagu ko OL, hanya ta yanke a wani wuri, ko wayar zafin, ko na'urar da ke kashe shi in ya yi zafi, ko igiyar kanta. In kuwa ta nuna ƙasa sosai, kamar 5 ko 3, kada ka jona shi, wayoyi sun haɗe a ciki. Wannan awo yana zuwa kusa da gaskiya a dutsen guga da hita da kettle saboda wayarsu gamin nikel da kuromiyam ce, turjiyarta ba ta canzawa sosai tsakanin sanyi da zafi. Tsohon ƙwan fitila mai zare ba haka yake ba. Mai 60W turjiyarsa kusan om 880 ce in yana ci, amma in ka auna shi a sanyi ba za ta kai 100 ba. Wannan ne ma ya sa irinsa yakan mutu daidai lokacin da aka kunna shi.

Batun janareta

Amsar a taƙaice ita ce a'a, ba zai ɗauka ba. Janareta mai 650W a kan bolt 220 iyakar abin da zai bayar shi ne 650 a raba da 220, bai kai amp 3 ba. Dutsenka 5 yake nema. In ka jona, za ka ji kukan injin ya sauya, ya yi nishi, ƙwai ya dushe. Wani lokaci ba ya mutuwa nan take, shi ya sa wasu suke cewa ai yana ɗauka. Abin da ke faruwa shi ne wutarsa ta zube ƙasa, dutsen ya ɗan yi ɗumi, kwayil ɗin janaretan kuma yana dahuwa a ciki. Na sha kwance irin waɗannan in tarar da wayar kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin janareta, ta yi baƙi, fentin jikinta ya ƙone yana wari. Kuɗin naɗa sabon kwayil ya fi ribar gugar wannan yinin nesa ba kusa ba.

In za ka sayi wani, ka duba ƙaramin allon da ke jikinsa, kada ka dogara da babbar lambar da aka zana a tanki. Yawanci za ka ga lambobi biyu, ɗaya na abin da zai iya ɗauka yini guda, ɗaya na abin da zai jure na ɗan lokaci. Ƙaramar ita ce taka. In an rubuta da kVA, wato bolt sau amp a lissafin dubbai, ka duba ko akwai 0.8 a kusa. In akwai, ka ninka da ita, wato mai 2.5kVA wat 2,000 ke nan. Wannan zai riƙe dutse ɗaya da fanka da ƙwai cikin kwanciyar hankali, amma dutse biyu wat 2,200 ne, sun riga sun wuce shi. Ni shawarar da nake bai wa mutane ita ce kada nauyin da ke kan janareta ya wuce kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Na san wani zai ce to sola fa? Lissafin bai canza ba, sai dai amsar tana ba da tsoro. Wat 1,100 daga batir mai bolt 12 yana nufin 1,100 a raba da 12, kusan amp 92, in ka haɗa da asarar da inbata ke yi ya haura 100. Batir mai 200Ah a kan bolt 12 yana riƙe da wutar da ta kai wat 2,400 na tsawon awa guda, wato 200 sau 12, kuma in irin na ruwa ne ba a son a sha fiye da rabinsa. Ka ga ke nan abin da zai ba dutsen bai wuce awa guda na ci ba tsayawa ba. Shi ya sa masu haɗa sola suke hana a jona dutsen guga a ƙaramin inbata, shi ya sa kuma wayar batir take da kauri kamar yatsa.

Wayar da ke zafi

Wannan ce ta fi damuna a cikin tambayoyinka, don ita ce ke iya cinye shago da kayan mutane. Ba laifin dutsen ba ne, ba kuma na masu kawo wuta ba. Waya ita ma tana da tata turjiyar, kuma duk inda amp ya ratsa turjiya sai zafi ya fito. Baturen Ingila James Joule ne ya auna wannan a farkon shekarun 1840, shi ne lissafin nan na amp sau amp sau turjiya.

Ba ka faɗi kaurin wayarka ba, amma mu ɗauka siririyar nan ce mai kaurin murabba'in milimita 0.75 da ake yawan haɗa soket ɗin jawowa da ita. In jan ƙarfe ce ta gaske, turjiyarta kusan om 26 ce a kowace mita dubu. Tsawonka mita 20, amma wuta sai ta je ta dawo, don haka mita 40 za a lissafa, kusan om 1 ke nan. Da dutse ɗaya: 5 sau 5 sau 1, wat 25 yana zama zafi a jikin waya. Da dutse biyu amp ya zama kusan 10: 10 sau 10 sau 1, wat 100. Ka ninka nauyi sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu. Abin da hannunka ke ji ke nan. Ga shi kuma kusan bolt 10 sun zube a hanya ba su kai ga dutsen ba, kuma mitar gidan wuta tana lissafa maka wannan asarar kamar yadda take lissafa ta guga.

In ka canza zuwa waya mai kauri 2.5, turjiyar mita 40 ɗin ta koma kusan om 0.3. Dutse ɗaya wat 8, dutse biyu wat 32, a baje a kan waya mai kauri da ke iya fitar da zafinta. Amma ka lura da abin da za a sayar maka. Kasuwa cike take da wayar da aka rubuta 2.5 a jikin robarta alhali cikinta bai kai ba, da kuma wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Alminiyam turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi. Ka sa a fere maka bakinta, ka kankare silin da wuƙa. In farin ƙarfe ya bayyana a ƙarƙashin jan, ka ajiye musu abarsu. Nauyinta a hannu ma yana tona asirinta, ta gaske ta fi nauyi.

Abu biyu kuma nake so ka duba yau, kafin ma ka je kasuwa. Na farko, in akwai ragowar waya da ka naɗe ka ajiye a ƙarƙashin tebur, ka warware ta. Naɗaɗɗiyar waya zafin kowane zagaye yana taruwa a kan na kusa da shi har roba ta narke. Na biyu shi ne mahaɗa. Ka taɓa filogi da soket bayan rabin awa na guga. In sun fi wayar zafi, akwai sukurun da ya saki ko ƙarfen soket ya buɗe baki. Mahaɗar da ta saki tana iya kai rabin om. A kan amp 10 wat 50 ke nan a wuri ɗaya ɗan ƙanƙani, alhali ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi wat 30 zuwa 40 ne kawai. In ka kwance irin wannan soket za ka ga robar da ke kewaye da ƙafa ɗaya ta yi ruwan ƙasa ta dare, sukurun ya yi baƙi, silin wayar ya bushe yana karyewa da an taɓa shi. Sau da yawa gobarar da ake cewa ta wutar lantarki ce daga irin wannan wuri take tashi, kuma fis ba ya hana ta, domin amp bai wuce ƙa'ida ba. Filogi mai ƙafa uku da aka saba amfani da shi amp 13 ne iyakarsa, dutse biyu a kansa sun kusa kai shi bango. Ya fi kyau kowane dutse ya samu soket ɗinsa a bango.

Wannan lissafi ɗin ne ya sa ake ɗaga wuta zuwa bolt 330,000 kafin a turo ta daga Kainji ko Shiroro zuwa manyan tashoshi irin ta Kumbotso a Kano, sannan a yi ta sauke ta mataki-mataki har ta iso soket. In bolt ya yi sama, amp kaɗan ne zai ɗauki wat ɗin da ake so, asarar hanya kuma ta ragu.

Inda wannan lissafi ya tsaya

Duk abin da na faɗa daidai yake ga kayan da aikinsu zafi ne kawai. Kada ka ɗauke shi kai tsaye ka ɗora a kan injin wanki, firji, fanka ko injin jan ruwa. Kayan da ke da mota a ciki, in ka ninka bolt da amp abin da ka samu VA ne, ainihin wat ɗin yana ƙasa da shi, domin wani ɓangare na amp ɗin kai-komo kawai yake yi tsakanin kwayil da layi. Raba bolt da amp ma ba zai ba ka turjiyar da mita za ta nuna ba. In ka auna kwayil ɗin mota a kashe za ka ga 'yan om kaɗan, in ka yi lissafi da su sai ka zaci zai ja amp mai yawan gaske. Sannan mota tana jan ninkin amp ɗinta sau da yawa a daƙiƙar tashi, kuma in wuta ta yi ƙasa tana ɗauke da kaya, amp ɗinta ƙaruwa yake yi. Dutsen guga in wuta ta yi ƙasa sanyi kawai zai yi, firji da injin ruwa kuwa ƙonewa suke yi. Don haka ranar da za ka ƙara injin wanki a shagon, ka bi abin da aka rubuta a allonsa, ka bar wa janareta sarari mai yawa.

Kuɗin wuta ma ga yadda za ka kimanta. Yunit ɗaya a mitar kati shi ne wat 1,000 na awa guda. Dutsenka in yana ci ba tsayawa zai sha yunit 1.1 a awa, amma ka san yana kashe kansa in ya kai zafin da aka saita, ka ji ƙas, fitilarsa ta mutu. Saboda haka abin da zai sha a awa shida bai kai 6.6 ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kashe komai, ka rubuta lambar mita, ka yi guga awa ɗaya, ka sake dubawa. Da wannan za ka san abin da wuta ke ci a kowane kaya, ka yanka farashinka a kan sani.

Game da awon amp, ka bar wa abokinka. Ana yinsa ne da mita mai baki da ake buɗewa a rungumi waya ɗaya tak. In aka rungumi biyun tare sifili za ta nuna, don mai tafiya da mai dawowa suna soke juna. Ƙananan mitocin nan masu araha da yawansu ba sa auna amp na wutar gida sam, kuma wanda ya bar tsinke a ramin 10A ya cusa a soket, haɗa wuta ya yi da hannunsa, tartsatsin na iya ƙona masa fuska.

Akwai awo ɗaya da ya rage wanda nake roƙonka kada ka tsallake, tunda dutsen na gwanjo ne kuma aikinka da ruwa ne. Dutsen yana zare, mita a kan matakin om mafi girma, ka ɗora tsinke ɗaya a kan ɗaya daga cikin gajerun ƙafafu biyu na filogi, ɗaya a kan ƙarfen dutsen. Dole ta nuna 1 ko OL. In ta nuna wata lamba, wuta tana zuba a jikinsa. Sai ka mayar da ita matakin 200, ka auna tsakanin doguwar ƙafa ta sama da ƙarfen, nan kuma kusa da sifili ake so, alamar wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zuba cikin ƙasa, tana haɗe. Jikin mutum ma dokar Ohm yake bi. Da jiƙaƙƙen hannu da ƙafa a kan damshin siminti turjiyarsa tana iya saukowa kusan om 1,000, ka raba 220 da wannan ka samu amp 0.22, alhali na'urar kariya da ake sawa don ceton rai a kan 0.03 take yanke wuta. Ko wayar ƙasa ta shagon tana aiki ko ba ta yi, wannan sai an zo an auna a wurin. Ka sa abokinka ya duba ta, ya ɗaura maka irin wannan na'urar a allon wutar shago, ka kuma shimfiɗa katako ko roba mai kauri a inda kake tsayawa guga.